Neman Mai Keke a Tudun Wada

Makarantar elemantare da aka fara tura ni koyarwa a garinmu take. Tana hutun Juma'a da Lahadi, Asabar kuwa ta maƙale a tsakaninsu, yara da malamai ba wanda ya san amfaninta. Sau ɗaya na taɓa roƙon babban malaminmu ya bar mini ita. Ya bari, da sharaɗin ranar Litinin da safe a same ni gaban allo da alli a hannuna. Dalilin roƙon kuwa kakata ce, wadda ta haifi mahaifina.

Tsakanina da ita akwai wasan nan na kaka da jika. Ita ce amarya, ni ne maigida, kuma tun ranar da na fara ɗaukar albashi ta ƙara mini laƙabi, na zama maigida mai hannun jarirai. A shekarun ne yanar ido ta fara rufe mata gani. Tana rarrabe haske da inuwa, tana gane jan abu in ya gitta, sauran aikin kuwa ta miƙa wa tafin hannunta. Ba ta shiga ɗaki ba ta shafa bangonsa ba, ba ta kuma shafa bango ba ta faɗi ra'ayinta a kan wanda ya yaɓe shi ba.

Kowa a gidanmu ya san tana da ƙanwa, ba kuwa wanda ya taɓa ganinta. Tun kafin zuwan Turawa, suna 'yan mata ƙanana, aka aike su rafi su wanko tsaba. Da suka isa sai babbar ta ga ta manto faifan rufe ƙwarya. Ta ce wa ƙaramar ta jira ta nan, yanzu za ta dawo. Tana cikin gari mahara suka faɗa wa rafin. Abin da aka tarar a wurin ƙwarya ce a kife. Kaka ba ta ba da wannan labari da kuka. Takan faɗe shi kamar mai faɗin shekarar da aka yi fari, ta ɗora da wani zancen.

Sai ga wani ɗan koli ya sauka a ƙofar gidanmu bayan ɗaukewar damina. Kaka tana taya allura, shi kuma ya ƙura wa fuskarta ido, har ta tambaye shi ko aurenta ya zo nema. Ya ce a'a, tsagarta yake kallo, uku-uku a gefen baki da bille a kuncin hagu. Ya ce a Tudun Wadar Zariya akwai wata tsohuwa mai irin wannan tsaga sak, wadda ba ta barin ɗan koli ya tashi sai ta tambaye shi ko ya taɓa bi ta wani gari, ya kuwa faɗi sunan garinmu. Ni ina makaranta lokacin. Da na dawo na tarar mutumin ya yi gaba, kaka kuma ta ɗaure ƙunshinta. Kwatancen da ya bari bai fi a rubuta a kan farce ba: gidan mai keke.

Mahaifina ya ce ba a ɗaukar tsohuwa a kai ta uwa duniya a kan zancen mai sayar da allura. Ta ce to, za ta bi ƙarfen jirgi da ƙafa, ai an ce har can ya je. Ni na raba gardamar. Na ce abin mai sauƙi ne, keke nawa ne a duniya? A garinmu sau ɗaya aka taɓa ganin keke, kuma sai da aka yi mako ana zancensa.

Jirgin Zariya ran Juma'a yake bi ta tasharmu, mai komowa kuma ran Lahadi da azahar. In ya kuɓuce mini, sai in shirya abin da zan gaya wa babban malami, mutumin da bai taɓa sauraron uzuri har ƙarshensa ba. A cikin jirgi kaka ta riƙe benci da hannu biyu, ta karanta duk addu'ar da ta sani har da ta shiga kasuwa. Da ta ga ba mu mutu ba sai ta saki hannu ɗaya.

"Maigida, me wannan abin yake ci?"

"Gawayi da ruwa, amarya."

"Ashe akwai wanda cefanensa ya fi nawa muni."

Na yi karatu a Zariya, amma a cikin birni, kuma an tsare mu a makaranta kamar awakin damina. Sanin da na yi wa garin daga saman katanga ne. Saboda haka da muka sauka na ja ta muka ratsa ta kantunan da ke kusa da tasha, wai ko a can za a san mai keke, alhali ni ke son kallo. Dogayen gine-gine ne masu rufin kwano da baranda, an shafe su da farar ƙasa har suna kashe ido. A ciki ga dogon kanta na katako, bayansa akawu ɗan kudu da fensir a bayan kunne, bayan akawun kuma duniya ce a jere: bandir-bandir na atamfa da alawayyo, fitilun ƙwai a rataye, kwanonin langa masu furanni, sabulu sanda-sanda, madubai da ke mayar wa mutum da ƙauyancinsa tun daga ƙofa. Warin wurin bai taɓa barin hancina ba, kananzir da sabon yadi da taba. Kaka ta laluba ta kamo bakin wani akoko, ta murza, ta lasa yatsa.

"Koko suka dama suka shafa masa. Wanki ɗaya zai koma rariya."

Tun daga ranar na ɗauka daga nan sunan akoko ya samo asali. Na duba littattafai ban ga wanda ya faɗi haka ba, ban kuma ga wanda ya faɗi abin da ya fi shi ba. Akawun bai ji daɗi ba, ita ma ba ta nemi ya ji ba. Ta ja hannun rigata ta ce ba yadi ta zo gani ba.

Muka haye kogin Kubanni, muka hau tudu. Tudun Wada a lokacin yarinya ce, ba ta daɗe da samun suna ba. Titunanta a miƙe suke, don da igiya aka auna su, ba kamar lungunan birni ba da ke tafiya yadda jaki ya ga dama. Birni na masu asali ne, Sabon Gari na mutanen kudu, Tudun Wada kuwa ta waɗanda suka zo da kansu da waɗanda aka zo da su: Kanawa, Katsinawa, Barebari, Nufawa, tsofaffin sojoji, leburorin jirgi da suka gaji da ɗaukar ƙarfe. Wajen da yanzu ake kira Kongo, a lokacin gonaki ne da kukoki. A birni fuskar gida shiru take, don kowa ya san na wane ne tun kakan kakansa. A Tudun Wada ba wanda ya san kakanka, saboda haka bango ne ke maka magana. Mutum na samun abin hannu sai ya kira magina su ɗaga masa zaure, su kafa zankwaye a kusurwa kamar kunnuwan zomo, su cika gaban gidan da zane mai tudu, sannan a bi shi da makuba ya yi ja-ja-ja yana sheƙi.

Mun sauka a gidan wani fatoma Bakano mai saukar baƙi. Bayan la'asar na gyara murya na tambaye shi gidan mai keke.

"Wanne, Malam?"

Wannan tambaya ita ta ci mana Asabar ɗin da na roƙo.

Wanda aka fara nuna mana masinjan wani ofishin Turawa ne. Mun same shi da hantsi a ƙofar gidansa yana goge keken da tsumma, kamar mai yi wa jariri wanka. Ya sa kaki da jar dara, ya matse ƙafafun wandonsa da wasu 'yan ƙarafa, ya ɗaura wa ƙahon keken tuntu ja. Na bayyana masa abin da ke tafe da mu cikin Hausar aji, mai kai da ƙafa. Ya saurara, ya juya wajen kaka.

"Iya, ni uwata tana Barno. In kuwa ta zo garin nan ban sani ba, don Allah in kun gan ta ku gaya mini."

Don ya sanyaya mata rai ya kama hannunta ya ɗora kan sirdi, ya bi da shi ta kan ƙaho, ya saukar da shi kan ƙafar gaba, sannan ya buga ƙararrawa. Ta zabura.

"A'uzubillahi! Har magana yake yi?"

"Sallama ce, Iya. Ku gwada teloli mana, ai su ma masu keke ne."

Wannan bai taɓa faɗo mini a rai ba. Nan take masu keken duniya suka ninku.

Teloli suna da layinsu. Zauruka ne aka faɗaɗa wa ƙofa don haske, kowane da kekensa a bakin ƙofa yana taka shi, ƙarar ta haɗu kamar ruwan sama a kan kwano. A nan na ga abin da matasan garin suke sawa, na kuma gane cewa farar rigata da na sha wahalar bugunta ta sanar da kowa daga ƙauye nake. Wani ya sa kwat a kan babbar riga, wani ya sa babbar riga a kan kwat, kowannensu kuma yana yi wa ɗayan kallon tausayi. Akwai mai safa da takalmin fata na gida. Akwai mai laima a naɗe a hammata, ba ruwa ba hadari. Akwai wanda sarƙar agogo ta fito daga aljihunsa ta sake komawa. Sarƙar kowa ya gani, agogon kuwa sai dai a yi imani. Huluna ba a magana: dara ja, haɓar kada, malafa, har da wani mai hular kwano irin ta Turawa da ya naɗa wa rawani don kada a yi masa mummunar fahimta. Mata Yarbawa suna wucewa da gwaggwaro ya fi ƙwaryar kansu girma, Nufawa kuma warwaron gilas na ƙara a hannuwansu. Duk wannan ni ke faɗa wa kaka muna tafe, don ni ne idonta.

"Mai kwat a kan riga, yana da mata?"

"Ban sani ba, amarya."

"Tambaye shi. Na gaji da kai."

Zaure bayan zaure muna sallama, ana dakatar da keke, ina maimaita bayanina, kullum yana ƙara gajarcewa. Wani tela uwarsa ta rasu. Wani tasa tana Katsina. Wani ya auna ni da ido ya ce wandona ya yi wa zamani yawa. Sai muka zo kan wani mai furfura, wanda ya ɗaga ƙafa daga keke ya ce uwarsa na ciki, kuma lallai tana ƙarama aka kawo ta daga nesa. Na ji hannun kaka ya ƙanƙame nawa. Mace ba ta jiran iso, ta bi bango ta shige. Ni na zauna a kan dakali ina kallon zare.

Ta daɗe. Da ta fito goro ne a hannunta.

"Fuskarta sumul take, ba ko tsaga," in ji ta. "Ita ma yayarta take nema. Ta tambaye ni ko na taɓa ganinta."

Ba ta ci goron ba, ta ƙulle shi a bakin zane.

Daga nan wani mai son taimako ya tura mu can gindin wata bishiya kusa da gidan waya, wajen mai keken rubutu. Wani dattijo ne ɗan bakin teku cikin baƙar kwat, yana buga wa mutane takardun koke. Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa ba, Turancina kuma na jarrabawa ne, bai saba da iska ba. Muka yi ta fama har ya fahimci cewa kakata tana so ta kai ƙarar wani mai keke da ya buge ƙanwarta, ya ɗaura takarda zai fara. Da ƙyar muka rabu lafiya.

Da rana ta yi sanyi muka komo ta titunan da ba mu bi ba, ina karanta mata gidaje don in ɗauke mata hankali. Wannan an yi masa dagi a saman ƙofa, ya sarƙe har ido ya kasa gano bakin zaren. Wannan takubba biyu ne a gicciye, tsohon soja ke nan. Wannan an manna masa tasoshin tangaran a cikin yaɓe, kamar ɗakin amarya ya fito waje shan iska. Wannan bene ne, mai 'yan tagogi da ko kan kyanwa ba zai shiga ba, indararonsa ya miƙo wuya kan titi yana jiran na ƙasa. Ga wani kuma na mai goro, an tara huhuna a gabansa har sun rufe rabin bangon, ta tsakankaninsu ana hango wasu manyan da'irori biyu da ƙarfe a tsakani. Na ce mata wannan tabarau ne, alamar mai gidan yana girmama ilimi. Na ma ɗan yi bayani a kan yadda zamani ke shiga gini.

"Da ka sa su da ka gano mini gidan," in ji ta.

Inda ta samu bango kusa takan shafa. Wannan maginin ya san ruwa. Wannan ya yi rowar makuba. Wannan gaggawa ce, damina biyu zai tsage. Amma muryar tana raguwa, har ta daina.

Bayan magariba matar fatoma ta aiko da tuwo, kaka ta taɓa ta ture. Ta kira ni da sunana na yanka, abin da ban taɓa ji daga bakinta ba tun ina cikin zanen goyo.

"Ni fa ba wani abu nake so ba," ta ce. "So nake ta san na dawo rafin. Ka ga ita ba ta sani ba. A wurinta har yau ina cikin gari."

Ba a koya mana amsar irin wannan a makaranta ba. Na ce gobe ma rana ce. Ta ce rabin rana dai, ai ta ji zancen jirgi.

Ran Lahadi da safe ƙararrawar coci ta taso daga Sabon Gari. Kantuna a rufe, akawuna sun fito cikin fararen kwat da igiya a wuya, matansu da huluna masu faɗi, suna takawa a hankali don kada takalmi ya yi datti. Muka gwada wasu masu keke biyu da fatoma ya tuno da su, wani malamin asibiti da wani Bakwara, wato Balaraben kanti, da ke sayar da yadi. Ba labari. Rana ta ɗaga, inuwa ta fara komawa gindin bango, na ɗauki ƙunshinta na ce mu kama hanyar tasha. Ba ta yi gardama ba, wannan kuwa ya fi gardamar tayar mini da hankali.

Ba mu yi nisa ba ta ce ƙafarta ta ƙi. Na zaunar da ita a kan wani dakali mai inuwa, na tsaya ina kallon hanya ina lissafin ko zan iya goya ta. Gidan mai goron nan ne na jiya, an kwashe huhunan. Hannunta kuwa, da ba ya iya zama, ya koma aikinsa a bayan kanta.

"Maigida, wa ya manna faifai a bango?"

"Tabarau ne. Na gaya miki jiya."

"Tabarau da haƙarƙari?" Ta miƙe ta juya ta sa hannu biyu. "Ga wani faifan. Ga sanda a tsakani. Ga ƙaho." Ta ɗan tsaya. "Ga sirdi. Wannan ai abin Babarbaren nan ne, mai magana."

Na tsallaka titi na juyo. Keke ne. Maginin, da alama, a guje ya taɓa ganin keke, don ya ba shi ƙafafu na mamaki da ƙaho irin na bajimi, amma keke ne, an kuma ajiye shi ƙasa-ƙasa a gefen ƙofa, daidai inda mutum zai jingine na gaske. Ba gidan mai keke ba ne. Gida ne mai keke. Ɗan koli baƙo ne, bai san masu gida ba, fuskokin gidaje ya sani. Mutanen unguwa kuwa mai goro suke ce wa mai gidan, kuma sun daɗe da daina ganin bangon. Nun ɗaya ce ta ci mana kwana biyu.

Na yi sallama. Wani magidanci mai jiki ya fito yana amsawa, bakinsa ja da goro. Ya dubi fuskata, don ni ma ina da tsagar gidanmu, ya dubi ta kaka, sai ya katse amsar.

"Malam, daga ina?"

Na faɗi sunan garinmu. Ya juya ciki da sauri har ya bar takalmi ɗaya a zaure. Kaka ta bi bango za ta shige, amma ba ta kai ƙofar ciki ba sai ga wata 'yar tsohuwa ta fito da muciya a hannu, gajera, baƙa, idonta tar. Ta tsaya. Ni ban ga kama ba, in ban da tsagar. Kaka ta miƙa hannu ta sami fuskar, ta bi gefen baki na dama, ta bi na hagu, ta hau kunci ta sami billen, ta tsaya a kansa. Sannan ta kira wani suna da ban taɓa ji ba, irin sunan da ake kiran yaro da shi a gida kafin ya yi wayo.

Tsohuwar ta jingine muciya a bango a hankali.

"Yaya," ta ce, "ina faifan?"

"Ga su can ɗanki ya manna har biyu a waje. Wanne kike so?"

Daga nan ban iya ba da labarin abin da aka faɗa ba, don ba magana ba ce. Ni da mai goro muka fita muka zauna a kan dakali, muna kallon titi da matuƙar kulawa, kamar an ba mu aikin gadinsa. Can ya ɓare goro ya miƙo mini rabi. Don in sami abin faɗa na tambaye shi ina keken.

"Ai na taɓa saya," in ji shi. "Ran farko ya kai ni cikin kwata, rana ta biyu ya kai ni cikin 'yan tukwane. Na mayar wa mai shi. Amma an riga an san na saya, ka gane. Sai na ce wa magini ya sa mini shi inda ba zai ka da kowa ba."

Aka kira mu ciki, don yanzu ni ɗan gida ne. Na tarar da su a kan tabarma ɗaya, sun riga sun fara musu a kan ko bishiyar bakin rafi ɗinya ce ko kanya. Ƙanwar ta dube ni sama da ƙasa.

"Wannan ne mijin namu?"

"Shi ne. Malami ne wai. Yara yake koya wa karatu, ga shi an rubuta masa keke a bango da girmansa ya karanta tabarau."

Na ce ai kwatancen ne ya zo da kuskure, gidan mai keke ta ce mini. Ta rantse gida mai keke ta ce, ni ne na yi mata gyara irin na 'yan boko. Na ce mai haƙori biyu ba a jin nun ɗinta, akwai ko babu. Har ta koma ga Allah ba mu daidaita a kan wanda ya ƙara wannan harafi ba, kuma ɗan kolin, wanda shi kaɗai zai raba mu, bai sake biyowa ta garinmu ba.

Ana cikin haka jirgi ya yi kuka daga wajen tasha, na farko, na gargaɗi. Na miƙe na ɗauki ƙunshinta. Ta laluba ta fizge shi ta danne da gwiwa.

"Tafi abinka. Ka gaya wa ubanka na yi yaji."

"Amarya, ai ba a yaji sai da laifi."

"Laifinka ya fi gashin kanka. Na sami gida mai zaure da zankwaye, in koma wa mai hannun jarirai? Sake ni kawai."

Mai goro ya cusa mini goro a aljihu, ya ce in yi sauri. Na yi gudun da bai dace da malami ba, rigata na tashi, na ratsa masu kwat da masu laima, na haye Kubanni, na kama jirgin yana shirin ɗagawa. Ran Litinin an same ni gaban allo. Abin da ya fi wuya shi ne tsayawa gaban mahaifina in bayyana masa yadda aka ba ni uwarsa amana ran Juma'a na dawo ran Lahadi da goro. Da aka kammala girbi shi ma ya shiga jirgin da ya rantse ba zai shiga ba.

Kaka ba ta sake zama a garinmu ba sai ziyara, ita ma su biyu suke zuwa. Gidan nan yanzu an fasa zaurensa an fitar da shaguna, an shafe gaban da siminti, keken ya tafi inda zankwayen suka tafi. Na sha zuwa kafin haka, duk hutun da na samu. Abin da na lura da shi tun zuwan farko, ban kuwa taɓa jin ɗayansu ta ambata ba, shi ne kaka ba ta tashi ita kaɗai. Ko buta za ta ɗauko a bayan ɗaki, tana cewa bari in zo, sai ƙanwar ta ajiye abin da ke hannunta, ta miƙe ta bi ta.